Tarihin Rayuwata, Kashi na 9: Ƙotar Fartanya

A makon jiya na tsaya a inda na tattara komatsaina daga kasuwar waya ta Farm Centre a Kano, na dawo ƙauyenmu da ke kusa da Auyo bayan shekara shida ina gyaran waya. Na dawo da ɗan jari, da kuma girman kai wanda ya fi jarin yawa.

An cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023, manoman fadama suka rasa yadda za su yi da injin ban ruwa. Sai na fara haɗa musu famfo mai aiki da sola. Na farko gonar alkamar Kawuna na kafa wa. Akwatin da ke sarrafa shi kyakkyawa ne, ga fitilu kore da ja, ga rubutun Turanci, an liƙe shi ruf ba ko ƙusa ɗaya da za ka kwance. Har hotonsa na ɗauka na sa a Facebook.

Alkama na fara fitar da kai akwatin ya mutu. Kwana tara ana jiran wani daga Kano. Kawu bai ce mini komai ba, ya dai je ya aro tsohon injin fetur, wanda ko yaron gidansa ya san yadda ake goge masa fulogi.

Da yamma na iske Baba a maƙera. Wani manomi ya zo sayen fartanya, Baba ya ce masa ya sunkuya kamar yana noma. Ya dubi bayansa, ya dubi tafin hannunsa, sannan ya ture ƙota biyu ya ɗauko ta uku, ya ɗan fere ta da gizago. Tun ina yaro ina jan zugazugi nake ganin haka, ban taɓa tambaya ba. Ni a ganina ɓata lokaci ne a kan cinikin da bai taka kara ya karya ba.

Da mutumin ya tafi, Baba ya ce, "Auta, abin nan da ka sa wa kawunka, in ya lalace wa ke gyarawa?"

Na ce, "Sai an kai Kano, Baba."

Ya mayar da ƙarfe wuta. "To ai ba sayar masa ka yi ba. Aro ka ba shi."

Maganar ta ƙona ni, don na san ta. A Farm Centre mun sha tsine wa wayoyin da ake liƙe batirinsu da gam, muna kewar tsohuwar Nokia da kake ɓalle murfinta da farce.

Washegari na sa wuƙa na fasa mataccen akwatin. Abin da ya ƙone a ciki bai kai girman ƙwayar gyaɗa ba. Yadda na sake haɗa shi a cikin gwangwanin madara, da dariyar da aka yi mini a majalisa, sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu.