Yadda ake gane shekarun tsohon agogon hannu

Mai sayarwa zai ce maka agogon na shekarun 1950 ne, watakila ma da gaskiyarsa yake faɗa. Amma tsohon agogo shaidu uku gare shi: inji, gida (ƙarfen da injin ke ciki) da fuska. Sai bakinsu ya zo ɗaya sannan a yanke masa shekara, domin a tsawon shekara sittin mai gyara ya sha canza masa kaya.

A fara da injin. A buɗe murfin baya da abin buɗewa da ya dace, ban da wuƙa, don ƙarzanen da ta bari ba ya gogewa kuma yana karya daraja. A Omega lambar jeri a jikin injin take: kusa da miliyan 10 na nuna wajen 1944, miliyan 15 wajen 1956, miliyan 20 wajen 1963. Wannan lokacin ƙera inji ne, agogon kan iya kai shekara ɗaya ko biyu kafin ya fita kasuwa. Idan sunan da ke fuska baƙo ne, a leƙa ƙarƙashin ƙafar nan mai kai da komo. Nan masu ƙera inji irin su ETA, AS da FHF suke buga tambarinsu da lambar samfuri.

Seiko ta fi kowa sauƙi. Lambar tana bayan murfi: alƙalami na farko ƙarshen shekara, na biyu wata, daga 1 zuwa 9, sai O, N da D na Oktoba, Nuwamba da Disamba. Lambar da ta fara da 3N tana nufin Nuwamba na shekarar da ta ƙare da 3. To wace? Samfurin inji ke raba gardama. Inji 6139 ya fito a 1969, an daina shi kafin 1980, saboda haka 1973 ce. A Rolex kuwa sai an cire maɗauri: lambar jeri na tsakanin kunnuwa, wato ƙarafan da maɗauri ke maƙale a kai, ta wajen ƙarfe 6, ta samfuri ta wajen ƙarfe 12. A yi hattara, kamfanin ya sake ƙirga daga farko a tsakiyar shekarun 1950, lamba ɗaya na iya zama ta zamani biyu. Hatimin cikin murfi irin III.62, wato rubu'i na uku na 1962, shi ke warwarewa.

Fuska ce ta fi cin kuɗin mutane, ita ce kuma na fi so a daɗe a kanta. A sa gilashin ƙara girma mai ninki 10 a duba ƙasan ƙarfe 6. Idan an ga T a gefen Swiss Made, ko T<25, sinadarin hasken dare tiritiyam ne, wanda aka yi amfani da shi daga farkon shekarun 1960 zuwa ƙarshen shekarun 1990. Inji na 1952 da fuska mai T, an canza fuskar ke nan. Kafin nan radiyam ake shafawa, kuma ko ya daina haske haɗarinsa na nan, kada a kankare shi ko a shaƙi ƙurarsa. A Seiko, rubutun jure ruwa ya koma Resist daga Proof a wajen 1970.

Fuskar da aka sake wa fenti ba ta ɓuya ga mai haƙuri. Haruffa kan yi kauri, bakinsu ya baje, layukan mintuna su ƙi daidaita da alamomin sa'o'i, wani lokaci Swiss Made ya ɓace gaba ɗaya. Launin sinadarin da ke hannaye ya kamata ya yi kusa da na fuska, tunda tare suka tsufa. Hannaye farare tas a kan ɗige-ɗige ruwan ƙasa alamar canji ce.

Gida bai da wuya. 750 zinare ne mai karat 18, 585 mai 14, 375 mai 9, rubutun microns kuwa ruwan zinare ne kawai. Kunnuwan da kaifinsu ya zube sun sha gogewa a inji. Gilashi, maɗauri da abin murɗa agogon kayan canji ne, ba a auna shekara da su. Idan agogon na Longines ne kuma an buƙaci tabbaci a rubuce, Longines na duba kundinta da lambar jeri ta faɗi ranar da aka sayar da agogon da ƙasar da aka tura shi.