Karatun tattalin arziki: daga ɗakin lakca zuwa Dawanau

Duk wanda ya ce mini zai cike tattalin arziki a fom ɗin JAMB, tambayar farko da nake masa ita ce yaya yake da lissafi. Da yawa suna shigowa da zaton za a zauna ne a yi ta muhawara kan tsadar rayuwa. A babbar jami'ar gwamnati da na yi, shekara biyun farko kusan duk lissafi ne da ƙididdiga. Aji ɗaya kuwa taro ne, don 'yan wasu sassan ma suna ɗaukar kwasa-kwasanmu, mai son kujerar gaba sai ya yi sammako. Abin da ya riƙe yawancinmu shi ne darasin da 'yan aji uku da huɗu ke yi mana da yamma kyauta, su warware tsofaffin tambayoyin jarrabawa a allo ɗaya bayan ɗaya.

Muna aji uku ƙasar da kanta ta koma mana aji. A Oktoban 2022 Babban Bankin Najeriya ya sanar da sauya fasalin takardun naira 200 da 500 da 1,000. Kafin Fabrairun 2023 tsabar kuɗi ta ɓace, mutane na kwana a layin ATM, masu POS na cajin abin da suka ga dama. Ranar da malaminmu ya zo koyar da dalilan da ke sa mutum riƙe kuɗi a hannu, bai buɗe littafi ba. Cewa ya yi kowa ya faɗi nawa aka caje shi kafin ya ciri dubu biyar, ya jera amsoshin a allo, ya ce to ga farashin naira a naira. Daga nan sai janye tallafin man fetur ranar 29 ga Mayu, 2023, litar da ake saye ƙasa da naira 200 ta haura 500, a watan Yuni kuma aka saki naira kasuwa ta yi mata farashi.

Kundin kammala digirina a kan farashin masara da gero na yi shi. Alƙaluman Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa suna nan a intanet, na zuba su a EViews, wata manhajar ƙididdiga ta kwamfuta, sakamako ya fito tsaf. Malamin da ke duba ni ya karanta, ya ce in tafi Dawanau tukuna, babbar kasuwar hatsin nan ta Kano.

A ƙofar wani sito na sami wani dattijo yana lura da 'yan dako suna jera buhuna. Na gaishe shi, na ce, "Baba, me ke sa hatsi tashi?" Ya ce, "Ɗan makaranta, zauna." Ya lissafa mini kuɗin mota daga kasuwar ƙauye, da na lodi da saukewa, da la'adar dillali, da maganin ƙwari, da abin da buhu ke raguwa in ya bushe. Ya ce wanda ya saya da kaka ya ajiye zuwa bazara kuɗinsa ya ɗaure wata da watanni, kuma akwai shekarar da farashi ke faɗuwa ya tafka asara, ba mai jajanta masa. Ya kawo maganar iyakar Nijar da aka rufe bayan juyin mulkin Yulin 2023, da yadda baƙinsa na can suka ɗauke ƙafa.

Har yanzu ina ganin akwai masu ɓoye hatsi don mugunta, amma ban ƙara yarda a jefa duk mai sito cikin sahunsu ba. Abin da ya fi burge ni shi ne kusan duk abin da dattijon ya faɗa yana da gurbi a lissafin da muka sha wahalarsa a aji biyu, shi dai bai taɓa rubuta shi da alamomi ba. Na koma na ƙara kuɗin sufuri da lokacin kaka a cikin ƙididdigata, babi na huɗu ya canza gaba ɗaya.

Ƙannena da ke sashen yanzu ina ce musu su koyi Excel tun suna aji biyu, su kuma zaɓi kasuwa ɗaya kusa da su, su riƙa rubuta farashin kwanon masara duk mako a littafi, da sunan ranar da abin da ya faru a gari.