Renon attaruhuna ya daina kwanciya, alhamdulillah

Salam 'yan uwa masu lambun gida. Yau da murna na zo, attaruhu da tattasan da nake reno sun kai ganye huɗu-huɗu kuma ko ɗaya bai kwanta ba, wanda ya san abin da na sha tun farkon Maris zai gane me ya sa nake ta washe baki haka.

Abin da ke faruwa shi ne iri zai tsiro lafiya lau, kore shar, har ka fara lissafin kwandon da za ka cika, sai wata safiya ka leƙa ka tarar layi guda ya zube. In ka ɗaga ɗaya ka duba daidai inda kara ya haɗu da ƙasa za ka ga ya tsuke ya yi ruwa-ruwa kamar an matse shi da farce, ganyen sama kuma yana nan da kyaunsa. Washegari na kusa da shi ya bi. Ba bugun rana ba ne, wanda rana ta buga yaushi yake yi da azahar ya farfaɗo da dare, wannan in ya kwanta shi ke nan sai haƙuri. Kowa da fatawarsa, wani ya ce ƙadangare ne, wani ya ce baki ne, maƙwabcina ya ce in ƙara ruwa zafin Kano ne, kuma ƙarin ruwan nan shi ya ƙarasa sauran. Irin leda ne fa, naira 6,500 na sayi 'yar ƙaramar fakiti, wallahi har yanzu in na tuna sai raina ya sosu.

Wani dattijo da ya daɗe yana noman rani a wajen Kadawa shi ya warware min. Ko shukar bai tsaya kallo ba, ƙasar ya damƙa ya shinshina ya ce cutar a cikinta take. Wani irin funfuna ne da ke zaune cikin ƙasa, abin da yake so danshi da ɗumi da wurin da iska ba ta ratsawa, ga kashin kajin da aka sayar min a matsayin ruɓaɓɓe ashe ɗanye ne, ga rumfar zana mai kauri, komai ya haɗu masa. Ya ce su a gona kara da karmami suke tarawa kan fangalin su cinna wuta kafin su zuba iri. Ni tsakar gida ba wurin wannan, sai na yi da rabin duro: na yayyafa wa ƙasar ruwa ta yi danshi, na rufe da buhun algarara, wuta a ƙasa, ina juyawa har tururi ya game ko'ina, na bar ta ta huce sosai. Itacen ma ya ci kuɗi, kuma maman yara ta yi ta mita kan hayaƙi. Mai lokaci zai iya jiƙa fangalin ya lulluɓe da farar leda sati 4 zuwa 6, ranar Afrilu da ke kaiwa digiri 40 za ta yi aikin kyauta.

Haɗin kuwa kashi 2 ƙasa, 1 yashi, 1 kashin shanu da ya ruɓe har ya koma baƙi ba wari, a ledar fiya wata da na huda gindinta da ƙusa, ƙwaya biyu-biyu kawai. Ruwa da sassafe, kuma sai na tura yatsa na ji saman ya sha iska. Zanar na cire na ɗaura tsohon gidan sauro, haske na shiga iska na wucewa, kaji da ƙadangaru sun koma kallo daga waje. Kwana 10 zuwa 14 attaruhu ke ɗauka kafin ya leƙo, don haka kar ku ɗauka ya mutu ku yi ta ambaliya masa ruwa.

Sauran fangalai ba labari. Kuɓewa na jiƙa ta kwana na shuka, ta fito, alayyahu har mun ci miyarsa, yakuwa ma na tafe. Tumatir kam ban ɓata ruwan garuwa a kansa ba, in zafi ya haura digiri 35 furen zubewa yake ba ya ɗaura 'ya'ya, sai iska ta sauya. Dashen attaruhun ina jiran ruwa ya zauna a Yuni, kafin nan zan riƙa yaye ragar da safe su saba da rana.

Ɓangaren fulawa ne ke son ɓata min murnar. Tsohuwar bogenbiliyar bakin ƙofa tunda na rage mata ruwa ta cika da jan fure har ganye ba a gani, amma yankan da na dasa jikin katanga gara ta same su, ka taɓa reshe ka ji fanko, ciki duk jar ƙasa. Na barbaɗa toka, na daka 'ya'yan darbejiya na jiƙa na zuba, sai ta ɗaga ƙafa kwana biyu ta dawo. Ba na son maganin feshi don alayyahun na dab da wurin kuma yara na tsinka. Wanda ya taɓa korar gara daga gindin fulawa ba da guba ba don Allah ya faɗa min yadda ya yi, saura yanka uku suka rage.