Kwana uku a Yawuri da jakar waya

Jiya da la'asar na iso Sakkwato, har yanzu ƙarnin kifi bai bar jakar kayan aikina ba. Wani aminin mahaifina ne a Yelwan Yawuri ya sayi tsohon jirgin ruwa na faiba a gwanjo, mai injin Yamaha a baya, ya aiko a turo masa ni. Shekara goma sha ɗaya ina rewayan mota, sai na ce a raina mene ne a ciki, batir ne da waya.

Shagari da Tambuwal a barci na wuce su. Bayan Jega ne wani mai kaki ya buɗe jakata, ya ga nadin waya, ya ce, "Kai, wace taransifoma ka kwance?" Na miƙa masa rasidi, ya riƙe shi a kife yana karantawa. Rabin sa'a muna gasuwa a rana, fasinjoji na hararata kamar ni na kafa shingen.

Wanda ya saba da gulbin Rima a gadar Kwalkwalawa, ranar da ya tsaya bakin Neja a Yawuri sai ya ji kunya. Baba Alhaji, aminin mahaifin nawa, ya ce tun da aka gama madatsar Kainji a 1968 ruwan ya tokaro har nan, aka tashi Gungawa da yawa daga tsibiransu. Bai bar ni na taɓa jirgi ba sai da na ci tuwon shinkafa da giwan ruwa. Kifin da a tsohuwar kasuwarmu za a yanka maka gida huɗu a sayar da tsada, nan yaro aka aika da shi a leda kyauta.

Da safe na ɗaga murfin da ke ƙarƙashin sitiyari, na yi salati. Wayoyi kamar taliyar da ta kwana, duk an naɗe su da salatif. Wani gwani ya sa wayar gida mai sili ɗaya, wadda girgizar inji ke karyawa a cikin robarta ba ka gani ba. A gurbin fis kuma guntun ƙusa. Na fere wata waya, tagullar ta yi baƙi, kan batir ya yi kore kamar gansakuka.

Sai ga abin da ya kunyata ni. Na ɗauko testa ina neman inda zan maƙala as, wato hanyar da wuta ke komawa batir, na rasa. A mota bodi ne ke mayar da wuta ga batir. Faiba kuwa ba ta ɗaukar wuta, haka katako. Matuƙin jirgin, wani dattijo Basarke, yana kallona yana dariya. "Ɗana, nan ba Sakkwato ba ne, ruwa ba ya son gajeren hanya." Dole kowace fitila da kowace na'ura a ja musu waya biyu, ja ta kai, baƙa ta komo. Na sami faifan tagulla na kafa sama da inda ruwa ke kaiwa, duk baƙaƙen suka haɗu a can. Batirin ya nuna bolt 12.6 a mita, lafiyarsa lau, amma kafin wutar ta ratsa tsatsa ta isa gaban jirgi ta ragu har kwan fitila sai ja-ja yake yi. Ashe shi ya sa suka sayi batir biyu a banza.

Babban fis na sa shi dab da batir. Famfon kwashe ruwa na ba shi layinsa da fis ɗinsa daban, don ko an zare makulli ya ci gaba da aiki. Fitilun gefe ma an juya su: ja ta hagu ce, koriya ta dama, fara a baya. Wayata ba ta isa ba, na shiga kasuwa, mai shago ya ji Sakkwatanci a bakina ya ninka kuɗi. Na ce, "Malam, wanga farashi ko a Kano sai a yi ma ihu." Ya rage kaɗan, yana cika yana batsewa. Gara ɗan kasuwarmu, zai cuce ka amma da fara'a.

Rana ta uku muka gwada shi. Bugu ɗaya inji ya tashi. Ni kaɗai na nemi rigar kariya, yaran bakin ruwa suna ta nuna ni.

Baba ya tura mini kuɗi a aljihu, na mayar, ya ce, "Da ubanka zan yi maganar." Ya haɗa ni da kwalin busasshen kifi. A Koko taya ta fashe. Shingen Jega kuwa wannan karon kwalin suka tambaya.