Daga Jidda, ga masu tambayar tahowa da kyanwa ko kare

Assalamu alaikum 'yan uwa. Muna lafiya, sai zafi, shi kuwa a Jidda ɗan gida ne. A gaida kowa da kowa.

Tambaya ɗaya ce ta ishe ni kwanan nan, yawanci daga matan da za su biyo mazajensu masu aiki a nan ko Riyad: wai za a bar mutum ya taho da kyanwarsa? Wani ma kare ya tambaya. Bari in amsa gaba ɗaya, in taɓo kuɗin abincinsu da halin masu gidajen haya.

Na kare ba shi da tsawo. Abin da hukuma ta sani a nan shi ne karen gadi, karen farauta, da mai yi wa makaho jagora. Nau'o'i irin su Pitbull da Rottweiler kuwa an hana shigo da su. Mai kare ya fara neman wanda zai bar wa amana.

Kyanwa ana shigowa da ita, amma takardunta sai su sa ka manta da wahalar bizarka. Akwai izinin shigowa daga ma'aikatar muhalli, ruwa da noma ta Saudiyya. Ta intanet ake nema, tun kyanwar na gida, kuma yana da wa'adi, don haka wanda ya yi gaggawar karɓa bai sayi tikiti ba sai ya sake. Kafin izinin akwai wata 'yar na'ura kamar ƙwayar shinkafa da likitan dabbobi ke sa mata a ƙarƙashin fata, wajen kafaɗa, mai ɗauke da lamba mai alƙaluma 15. Bayan ta sai allurar rigakafin ciwon haukan kare. E, kyanwa ma tana kamuwa da shi. Ba a yi wa 'yar da ba ta kai mako 12 ba, kuma ƙasashe da yawa suna so a jira kwana 21 bayan allurar. Sai takardar shaidar lafiya daga likitan gwamnati, wadda ake yi ana saura 'yan kwanaki a tashi, sannan jami'an NAQS, wato hukumar Najeriya mai duba lafiyar dabbobi da tsirrai masu shige da fice, su duba a filin jirgi.

Abin da ke kayar da mutane shi ne jerin. Na'ura ce farko, allura ta biyo, domin lambar ce shaidar cewa wannan kyanwar aka yi wa, ba ta maƙwabta ba. Wanda ya juya, a wasu ƙasashen sai a sake allurar a sake lissafi. Kuma lambar nan ta zama iri ɗaya a kowace takarda. Wata maƙwabciyarmu, mai rubutu ya sa mata 7 a gurbin 1, ta yini a sashen kaya tana kiran waya gida, kyanwar na kuka cikin keji, ma'aikacin na ta goga na'urar karantawa a wuyanta yana girgiza kai. Ku karanta lambar da bakinku a gaban likita kafin ya buga hatimi.

Masu niyyar wucewa Turai daga Najeriya, naku ya fi tsawo: a ɗebi jini bayan kwana 30 da allura, a gwada a ɗakin gwajin da suka amince da shi, sannan a jira wata 3. Amurka kuma tun 1 ga Agusta 2024 ba ta karɓar karen da bai kai wata 6 ba.

Keji ya zama wanda za ta miƙe tsaye, ta juya, ta kwanta. A ajiye mata shi a ɗaki tun da wuri ta saba, kuma kada a ba ta maganin barci. Kyanwa mai shafaffiyar fuska, wadda Larabawa ke kira shirazi, numfashi na ba ta wuya, wasu jiragen ba sa ɗaukarta a ɗakin kaya. A tambayi kamfanin jirgi tun kafin a biya kuɗi, kowanne da ƙa'idarsa. A yankin nan fa har shaho ana shiga da shi cikin wasu jiragen, da hularsa a ka, da takardunsa.

Abin da ya tsaya min a rai shi ne, wannan allurar da ake tsare mutum a kanta a filin jirgi, a Vom ta jihar Filato ana yin irinta, amma karnukan unguwanninmu nawa ne aka taɓa kai wa likita? Sai kare ya ciji yaro hankali ya tashi. Ko ba ka zuwa ko'ina, katin rigakafin nan ba asara ba ne.

Ni dai da za a ji tawa, a bar kyanwar gida a gida. Jidda cike take da kyanwoyi, a gindin kowace mota da bakin kowane masallaci, ga mutane na ajiye musu ruwa a ƙofar gida. Ka ɗauki ɗaya ka kai ta asibitin dabbobi, shi ke nan.

Abincinsu na kanti da tsada, masu gida kuma wani ya yarda wani ya ƙi. Wannan sai wata wasiƙar.