Lissafi ya yi daidai, kifi ya ƙare

A zangon farko na karatun tattalin albarkatun ƙasa a jami'a, kusan komai lissafi ne. Itace nawa daji yake mayarwa a shekara, ruwa nawa yake komawa ƙarƙashin ƙasa bayan an yi ruwan sama, kifi nawa za a kama ba tare da an taɓa iyayen da za su hayayyafa ba. Ana koya maka ka ci riba ka bar uwar kuɗi. Karatu ne mai daɗi, domin kowace tambaya tana da amsarta a ƙasan takarda.

Labarin kifin kod na tekun gabashin Kanada shi ya rage mini wannan jin daɗin. Ɗaruruwan shekaru ana kamun kifin nan. Gwamnati tana da masana, tana da alƙaluma, kuma duk shekara tana yanke adadin da za a kama. Sai dai cikin abubuwan da ake auna yawan kifin da su har da abin da manyan jirage ke samu a kowace fita, su kuwa jiragen suna da na'urorin gano inda kifi ya taru. Kifi yana raguwa, ɗan abin da ya saura yana cunkushewa wuri ɗaya, jirgi ya je ya kwashe, takarda ta nuna lafiya lau. Masuntan gaɓa masu ƙananan jirage sun yi ta kuka tun shekarun 1980 cewa kifin ya ƙanƙance kuma ya yi wuyar samu, ba a ɗauki maganarsu da nauyi ba. A 1992 aka rufe kamun, mutum sama da 30,000 suka rasa sana'a. Ba rashin ilimi ya jawo haka ba. An zaɓi wanda za a saurara ne.

Daga nan na fara karanta Garrett Hardin, masanin muhalli ɗan Amurka, da wani ido. A 1968 ya yi bayanin da kowane ɗalibin fannin ya haddace: makiyayar da ta zama ta kowa, kowa zai ƙara dabba har ciyawa ta ƙare, don haka ko dai hukuma ta karɓe ko a raba wa masu mallaka. Hujja ce mai tsafta, shi ya sa take saurin shiga kai. Elinor Ostrom kuwa, masaniyar kimiyyar siyasa 'yar Amurka, fita ta yi ta duba abin da mutane suke yi a zahiri. Ta tarar da ƙauyen Törbel a Suwizalan yana kula da makiyayarsa ta tarayya tsawon ƙarnuka, da manoman Balensiya a Sifaniya waɗanda har yau alƙalansu na ruwa, manoma 'yan uwansu da suka zaɓa, suke zama duk Alhamis a ƙofar babban coci su yanke hukunci da baki. Abin da ya haɗa irin waɗannan wurare: an san wa ke da haƙƙi, masu amfani da abin suna da baki a dokar, akwai mai sa ido, kuma horo yana farawa da sauƙi kafin ya tsananta. A 2009 ta zama mace ta farko da ta samu kyautar Nobel a tattalin arziki.

Ko fasaha ma ban ƙara yi mata kallon magani ba. Tun 1865 William Stanley Jevons, masanin tattalin arziki ɗan Ingila, ya lura cewa injin da ya fi tsimin gawayin kwal ƙara yawan ƙona kwal ya yi, domin aiki da shi ya yi araha. Haka ban ruwa na ɗigo yake iya yi: manomi ya rage ruwan kowace kadada, sai ya faɗaɗa gona. Idan ba a ƙayyade jimillar abin da za a ɗiba ba, kogi bai ga komai ba.

Inda har yanzu nake kai-kawo shi ne girman wurin da ake tarayya a kai. Misalan Ostrom na farko yawancinsu wurare ne da mutane suka san juna, mai satar ruwa zai haɗu da maƙwabcinsa gobe. Tekun da ke wajen ikon kowace ƙasa ya kusan kai kashi biyu cikin uku na duk tekunan duniya, kuma sai a 2023 Majalisar Ɗinkin Duniya ta amince da yarjejeniyar kare halittun da ke cikinsa. A can babu maƙwabci, sai tauraron ɗan Adam da na'urar nuna wurin jirgi, wadda matuƙi zai iya kashewa idan ya ga dama.