Munduwar Zinariya a Ƙarƙashin Toka

Jirgin ƙasan da ke tashi daga Napoli zuwa Pompeii, a ƙasar Italiya, tsoho ne, ga cunkoso, ga zafi. A tsaye na yi tafiyar kusan minti 40, jaka a ƙirji, ina leƙen dutsen Vesuvius ta taga. Shi ne ya yi aman wuta a shekara ta 79 miladiyya ya binne garin da toka.

Kwana ɗaya kafin nan na wuni a gidan tarihi na Napoli, kuma abin da ya tsayar da ni 'yan kunne ne. Ƙaramin sandan zinariya, an rataya masa lu'ulu'u biyu ko uku, irin wanda ake cirowa daga cikin kawa a teku. Romawa suna ce musu crotalia, saboda ƙarar da suke yi in mace ta juya kai. Wato ba a gani kaɗai ba, har a ji! Daga Bahar Maliya, Tekun Fasha da Indiya ake kawo lu'ulu'un, shi ya sa tsadarsa ta wuce hankali. Pliny Babba, marubucin Romawa wanda aman dutsen nan ne ya yi ajalinsa, ya rubuta cewa ya ga Lollia Paulina, tsohuwar matar Sarkin Roma Caligula, a wata liyafar baiko sanye da lu'ulu'u da zumurrudu na sesterce (kuɗin Romawa) miliyan 40. Ban ga laifinsa da ya yi tsaki ba.

A Pompeii kuwa wuri ɗaya nake nema, gidan da ake kira Gidan Munduwar Zinariya, can gefen yamma. Sai da na ɓata sau biyu, duwatsun titi suka gama da ƙafafuna. A nan aka tono mutum huɗu, manya biyu da yara biyu. Ɗaya daga cikin manyan, da yaro a cinya, yana sanye da munduwa mai kan maciji biyu, nauyinta giram 610. Ni da na san yadda ake jan ciniki a kan giram 10 na sarƙar lefe, sai da na sake tambayar mai yi mana jagora.

Shekara da shekaru ana cewa uwa ce da ɗanta, don an ga zinariya a hannu. A 2024 aka fitar da sakamakon gwajin ƙwayoyin halitta: namiji ne, kuma ba abin da ya haɗa shi da yaron ta jini.